Bijimin Takarda Ya Tashi Kamar Doki

Khaulat jikalle,

Na wuce Fika wajen suna kina barci. Na buɗe katin da kika yi wa Perpetua, na mijinta mai fataucin shanu. Ya yi kyau wallahi, amma bijiminki na takarda da ƙafafun gaba yake miƙewa in an buɗe katin. Doki ke tashi haka! Shi ko bijimi da na baya yake farawa. Shekara arba'in na yi a kara, kasuwar shanu, sau biyu bijimi ya ɗaga ni sama, ga ni da raina.

Na ɓamɓare shi na manna daidai. Gam bai bushe ba, kada ki rufe katin sai azahar. In Perpetua ta zo karɓa, ki ba ta tabarma ta zauna. Gara ta jira da 'yan kara su yi wa jikata dariya.

Kakanki Saleh