Waya Ɗaya Cikin Sittin

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi, Inna ma tana nan ƙalau.

Kun tambayi aikina. Ku da kuka shekara talatin kuna haɗa wayar lantarki za ku gane. Tamu wayar ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Mukan lulluɓe ta da alminiyam, mu sa ta a na'urar sanyi har lantarki ya riƙa ratsa ta ba turjiya. Masana na hasashen wata baƙuwar ƙwaya mai suna Majorana za ta bayyana a bakunan wayar biyu, kamar an tsaga ƙwayar lantarki, rabi nan rabi can. Wanda ya fara kama ta ya yi suna.

Shi ne Farfesa, shugaban ɗakin bincikenmu, ya ƙwallafa rai. Mutumin da ko makunnin na'urar bai sani ba, farar rigar aiki ma ba ya sa ta sai masu hoto sun zo. Waya sittin na gwada, ɗaya ce tak ta nuna alamar ƙwayar, kuma datti a jikin waya kan kawo irinta. Ya ce in ɓoye sauran, wai, "Ba ƙarya muka yi ba, shara muka yi." Na ce to ya cire sunana daga takardar sakamakon da za mu wallafa. Ya kalle ni sheƙeƙe, ya cire.

'Yarku,
Auta

Baba,

Ina gaida ku da kyau, ya jikin?

Wata takwas Farfesa ya yi yana yawon taro, yana hura hanci. Sai ga wasu ɗakunan bincike uku sun gwada, ba su ga komai ba. An janye takardar, an kafa kwamitin bincike.

Jiya ya zo teburina da murya ƙasa-ƙasa, yau ni ce "'yata". Wai in ce kuskuren awona ne, shi kuma zai sa a sabunta min aiki. Ko kunya babu. Ga shi ba ni da wani wurin aiki, Baba. Amma na gaya masa tun Litinin littafin awona yana hannun kwamiti, da rubutunsa a gefen shafi inda ya ce "cire wannan".

Yana nan tsaye a gabana. Na roƙe shi ya ɗan matsa, ya tare min allon kwamfuta.

A gaida Inna, ku sa ni a addu'a.

'Yarku,
Auta