Gonar Gilashi da Geron Tsaskiya

Daga Batsari,
Zuwa ga Yayana Almustapha, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Khairiyya da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ka a bakin nemanka, amin. Mu nan alhamdulillahi, muna nan inda ka san mu, don ko mun so matsawa babu wurin matsawa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yin sallah a tsaye. Ƙanwarmu Zuwaira ta sauka lafiya, an samu mace, aka raɗa suna a zaure ba taro ba kiɗa. Matata Mardiya na nan tana fama da ciyar da gida biyu a tukunya ɗaya. Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu: sabis aka ɗauke mana gaba ɗaya, daga nan har Safana waya ta koma tocila. Mani direba ne zai ɗauki hoton takardar in ya isa Katsina, ya tura maka.

Kafin komai, dole in yaba maka. Duk zuriyarmu ba a taɓa haifar mai hangen nesa irinka ba. Da mutanen daji suka tashi ƙauyenmu na gefen Tsaskiya, su Baba da Inna suka iso ɗakunana biyu da kayan jikinsu kawai, 'yan'uwa masu gajeren tunani sun aiko da masara, wasu da tabarmi. Kai kuwa sai ka aiko da babbar waya mai faɗin allon karatu, da farantin sola, da wasan noma a cikinta. Na tsufa a kasuwa ina dillancin dankali, na ga dabarun duniya iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya aika wa manomin da aka raba da gonarsa hoton gona ba. Na yi dariya har Mardiya ta leƙo ta ga ko lafiya. To amma Yaya, abin haushin shi ne dabarar taka ta ci. Ta ci har ta zarce inda ka nufa, kuma dalilin wannan takarda ke nan.

Ka san Baba. Makonnin farko ba ya magana da kowa, sai ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida ya fuskanci kudu, yana kallon hadari yana wucewa wajen gonarsa. Wayar kuwa cewa ya yi a ba yara. Ni na fara taɓa wasan a kusa da shi, da gangan nake shuka a karkace. Bai iya jurewa ba. Ya ce in ba shi nan, ko a gilashi ne ba a yi wa kunyar gona haka a gabansa. Tun daga ranar sunan wayar ya koma allon Baba. Kuma kada ka ɗauka yana yabon wasan ne, kullum cikin kushe shi yake, yatsansa kuwa bai bar kan gilashin ba. Ya ce wanda ya ƙera abin nan bai taɓa yin kanta a tafin hannu ba. Masara ta nuna kafin mutum ya gama alwala, babu wuta-wuta, babu jan baki, babu fari, saniya ta yi ta ba da nono alhali ba wanda ya taɓa ganin ɗan maraƙinta. Da wasan ya nemi ya gina garken aladu kafin a buɗe masa sabon fili, sai ya ce su riƙe filinsu, shi da 'yar gonarsa sun ishi juna. Ya tambaye ni waye mai unguwar garin, kuma ina maƙabartarsu, tunda bai ga ana mutuwa ba. Rannan bayan la'asar har ya tare liman ya tambaye shi ko akwai zakka a kan hatsin da ke rumbun gilashi. Liman ya ce abin da ba ya tuƙa tuwo babu zakka a kansa. Baba ya dawo yana cewa yaran malaman yanzu sun cika sauƙaƙa addini.

Inna kuwa nata rabon daban. Wannan fim mai dogon zango da ka sa a ciki, na mayaƙa masu dogayen riguna da takubba, wanda aka yi wa fassarar Hausa, shi ya kama ta ita da Mardiya da matan maƙwabta. Da Baba ya tafi masallaci sai su yi wa allon zobe. Inna na son jarumin, amma tana da ƙorafi a kansa. Ta ce yaya za a yi kullum sai ya iso daidai lokacin da ake shirin cinna wa ƙauye wuta, ko sau ɗaya dokinsa bai makara ba, kuma wai in tambaye ka a wace ƙaramar hukuma aka ajiye shi, ko za a iya nema mana canjin wurin aikinsa. Sukan yi musu da Baba, shi ya ce nata ƙarya ce zalla, nasa kuwa aiki ne. Kashi-kashin da ka zuba sun ƙare a daidai inda abokan gaba suka kewaye birni, aka rufe ƙofofi, hatsi ya fara ƙarewa a rumbuna. Na je wajen masu turin fim a bakin tasha, suka ce ci gaban yana sama, su kuma an cire musu tsani. Inna ta ce ka gaya mata ko mutanen birnin sun fita, kuma ta ce kada ka yi mata ƙarya don ka faranta mata, za ta gane.

Yanzu bari in zo inda maganar take. Kai ne ɗan fari, kuma tun da muka tashi ban taɓa jin sunanka a bakin Baba ba. In ya zama dole sai ya ce wancan na kurmi. In ka kira waya, Inna yake miƙa wa, ya tashi ya ba da wuri. To ka tuna gonarka ta cikin wasan da ka haɗa da tasa, yadda kowa ke iya leƙa gonar maƙwabcinsa ya ba ta ruwa ko ya cika masa kwando? Kai a zatonka ni ne nake yi maka ban ruwa kowace safiya. Ba ni ba ne. Ranar da Baba ya ga suna a saman gonar, ya sa na karanta masa, ya ji naka ne, sannan ya ce ashe maƙwabci rago ne, dubi yadda ya bar itatuwa suna bushewa. Daga nan kullum da ya idar da azkar ɗin safe, kafin ya taɓa tasa, sai ya ce bari ya leƙa gonar maƙwabci. In ya tarar ka shigo tasa ka yi masa aiki, sai ya yi gyaran murya ya ce yau maƙwabci ya yi abin kai. Inna takan juya baya ta rufe baki da mayafi. Shekara nawa ku biyu kuna zagaye juna, sai ga shi a cikin gilashi kun yi iyaka, kuna yi wa juna gayya. Wannan kam ko ni da nake da baki ban samu abin tsokana a ciki ba.

Sai aka ɗauke sabis. Baba ya buɗe allo da safe, babu gona babu maƙwabci, sai wani ɗan zobe da ke ta juyawa a tsakiya. Ya zauna yana kallonsa har rana ta take. Na yi masa bayani, na ce hukuma ce ta rufe don a toshe wa mutanen daji hanyar magana, kuma kwana kaɗan ne. Ya ce ya ji, haka aka ce musu ranar da suka baro gida. Can kuma ya tambaye ni, ba da wasa ba kuma ba da gaske ba, ko shi ma maƙwabci an tashe shi ne. Ya kife allon a kan buzu, bai sake ɗagawa ba.

A cikin kwanakin ne Armaya'u, wanda gonarsa ke jikin tamu a ƙauye, ya saci jiki ya je ya dawo. Da ya san abin da zai jawo da bai yi ba, amma ya zo wa Baba da zangarniyar gero guda daga gonar gandu, wai tsaraba. Ka san sai da su Baba suka gama maimai, noma na biyu, aka tashe su. Geron ya yi kansa ba mai shi, ya nuna, tsuntsaye suna biki. Baba ya murje shi a tafin hannu, ya shinshina, ya hana Mardiya ta gasa masa tumu, ya sa a aljihu. Armaya'u ya sake komawa don ya fara girbi, kuma har yau bai dawo ba. Iyalinsa suna nan bayan gidanmu, sun tasa waya a gaba suna jiran a kira su a faɗi abin da ake so, a garin da waya ba ta shiga. Ni na ɗauka wannan zai sanyaya wa Baba gwiwa. Sai ma ya ce yanzu gona biyu ke jiransa.

Duk wayon da kasuwa ta koya mini na juye a kansa. Na ɓoye magirbi a cikin buhunan dankali, ya je ya aro wani. Na ce babu motar da ke shiga can, babur kuma an hana, ya ce ƙafa ta kawo shi. Na turo masa liman, ya saurare shi da ladabi har ƙarshe, sannan ya ce malam ba shi da gero a daji. Abin da yake faɗa shi ne irin geron nan daga hannun kakanmu ya fito, ba a taɓa sayo shi a kasuwa ba, kuma in bana ya zube a ƙasa shi ke nan ya yanke a hannunsa. Ya ce ya yarda ya zauna ya yi noman gilashi ne don a can ma akwai wanda yake tashi dominsa, yanzu kuwa zaman me yake yi, gadin tukunyar suruka? Ya sa rana: in an sauko daga Juma'a zai kama hanya. Yaya, ka duba inda nake. Ba ni da fuskar da zan sa wa mahaifina kwaɗo a ƙofa, ba ni kuma da fuskar da zan tsaya a zaure in ga bayansa shi kaɗai. In ya fita, ina bayansa da igiyar ɗaurin dami, Mardiya ta sani, ta daina yi mini magana sai da ido. Ko Katsina ban isa in je in kira ka ba, don in na juya baya zan dawo in tarar da buzu ba mai shi.

Ƙofa ɗaya ya bari a buɗe, ita ma ba ni ya gaya wa ba. Inna ya gaya wa, fuskarsa a bango. Ya ce gandu ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai wanda zai riƙe shi bayansa, in maƙwabci ya ce a bar wa tsuntsaye geron bana, to ya bari. Don haka ga abin da nake roƙo. Mani zai kwana biyu a Katsina yana jiran lodi, ya juyo ranar Alhamis. Ka tura masa muryarka a wayarsa. Kada ka ambaci Baba, kada ka yi masa nasiha, ka san ba a haka tsakaninku. Ka yi kamar da Inna kake magana, ka ce ka yafe geron bana, ka ce iri in da rai za a samu wajen dangi, mu kuma za mu kunna da ƙarfi a tsakar gida lokacin da yake alwala. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina tsoron ya ce muryar da ke cikin waya 'yar'uwar gonar da ke cikin waya ce. Abin da na tabbata zai zaunar da shi shi ne ya ɗaga kai ya ga takalminka a bakin zaure. Na san hanya ba kyau, na san aiki ba ya sakin mutum, na san duk amsoshin, ni ma su nake ba masu bina bashi a kasuwa. Abu ɗaya dai, don Allah kada ka aiko da wata na'urar. Wadda ke nan ta gama nata aikin.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Mardiya da Zuwaira suna gaida Khairiyya, sun ce ta yi musu addu'a. A shafa mini kan Zainulabideen da Jinjiri, a ce Baffansu na Batsari yana nan da alkawarin dankalinsu. Baba bai ce a gaishe ka ba, amma tun ɗazu da ya gan ni da biro yake zagaya wurin nan yana neman butar da ke hannunsa. Allah ya sada mu da alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan zama.

Ni ne ƙanenka mai jiran amsa,
Muntaka.

Af, har na ninke takardar na tuna. Jiya na wuce shagon caji na tarar da masu buga wasan harbi suna gardama, wai a cikinsa rai uku ake ba mutum, in ɗaya ya tafi ya tashi ya ci gaba da na biyu. Kai ne masanin waɗannan abubuwa a gidanmu. Mu da za mu Tsaskiya ranar Juma'a, a wane ofis ake karɓar sauran biyun?