Fitilar Inna da Mijinta na Bici

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Inna ta faɗi da asuba. Ta tashi tana laluben tocilarta za ta yi alwala, ta ci karo da 'yar kujerarta ta tsugunno. Babu karaya, alhamdu lillahi, gwiwa ce ta kumbura. Amma kafin hantsi labari ya isa Ungogo wurin ƙanwata Maijidda, kuma ya yi ƙiba a hanya: a can ƙugu aka ce ya goce.

Ta kira ni ina gona ana sauke taki. "Yaya, kai ga sola a ɗakinka kana karatun da ba ya ƙarewa, tsohuwa tana lalube a duhu." Ta ce Asabar ta sama za ta zo da mota. In ta tarar da ɗakin yadda ta san shi, ta ɗauke Inna ke nan, ta koma wurinta da zama, gida mai tayil da fanka.

Na ce mata to. Da Maijidda, "to" ta fi kowace hujja saurin kashe waya.

Inna a Ungogo? Matar da in akuya ta yi kuka a ƙarshen unguwa ta san ta gidan wa ce. Ba za ta yi wata ba sai ta zama kayan ɗaki.

Talata, 15 ga Afrilu

Aikin ba wani aiki ba ne. A jawo waya daga batirina, a bi ta kan katanga, a kafa ƙwan fitila a jikin azara. Tun shekarar da na sa tawa na so a yi, Inna ta ƙi. Tun rasuwar Baba babu namijin da ba muharraminta ba da ya taka ɗakin nan, ko mai allura a tsakar gida yake tsayawa.

Na aika matata Safara'u ta sake tambayo ta. Dole sai da aike, don ni ne ɗan fari: ba ta faɗin sunana, ba ta duban fuskata. Na haura hamsin, na koyar da rabin garin nan karatu, amma a bakin Inna har yau "mutumin nan" nake.

Amsa ta dawo: "A gaya wa mutumin nan ɗakina ba tasha ba ne."

Sai na ce bari in yi da kaina. Na aro tsani. A mataki na biyu gwiwoyina suka kira taro suka yanke shawara ba tare da ni ba. Safara'u tana riƙe da tsanin tana kallon ƙasa, kafaɗunta suna rawa. Wai tari ne.

Laraba, 16 ga Afrilu

An ba ni sunayen masu gyaran wuta har daga Ɗambatta. Duk gwanaye, duk maza, duk bare.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Yau na burge kaina, kuma tunda babu mai rubutawa, bari in rubuta.

Ina kishingiɗe a zaure bayan la'asar sai na ga kuskuren tambayar da nake yi. Ina ta cewa wa ya iya aiki. Kamata ya yi in ce jikan wa ne. Inna tana da ƙanwa, Iya Sauda, da aka kai aure wani ƙauye bayan Bici, ta rasu tuntuni, zumunci ya yi sanyi. Na tuna a wani zaman makoki an nuna mini wani cikin jikokinta, aka ce sola yake haɗawa.

Jikan ƙanwa! A littafi muharrami ne, babu malamin da zai ja. A al'ada kuwa ya fi haka, mijinta ne na wasa. Wace tsohuwa ce za ta hana mijinta shiga ɗaki?

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na same shi a Bici bayan an sauko daga masallaci. Naziru. Ƙato ne mai tumbi da baƙin tabarau, ya rubuta Injiniya a ƙofar shagon da bai fi akurki ba. Kafin in zauna ya gaya mini ya haɗa wutar benaye a Abuja. Ban tambayi sunan unguwar ba, don kada in sa bawan Allah wahala.

Da na warware masa dangantaka sai ya cire tabarau. "Baffa, kana nufin tsohuwar matata tana nan da rai? Shekara nawa ba ta aiko mini da tuwo ba!"

Ya ce Litinin da sassafe. Ban ga aikinsa ko ɗaya ba. Na ɗauki ma'aikaci da asalin kakarsa, abin da in ɗalibina ya yi zan ja masa kunne.

Litinin, 21 ga Afrilu

Bai zo ba.

Talata, 22 ga Afrilu

"Ga ni nan a hanya, Baffa." Ina jin ana soya wani abu a kusa da shi. Maijidda ta aiko da hoton gadon da ta saya wa Inna. Har da madubi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ya zo da hantsi a kan babur, waya naɗe a wuya kamar rawani. Ban gaya wa Inna komai ba, na bar dabarar ta yi aikinta. Bai ko jira iso ba, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya: "Ina amaryar? Maigida ya dawo, ko ruwa babu?"

Na kasa kunne. Sai daga cikin ɗaki: "Wane mara kunyar ne?"

"Naziru ne, jikan Sauda."

Safara'u ta ce ta ga Inna tana goge ido da bakin mayafi. Sannan muka ji: "Shigo in gan ka, mijin banza. Sai yanzu ka tuna kana da mata? Dubi tumbi, wata ce take ciyar da kai."

Ya sunkuya ya shiga. Ni da na kawo shi ina waje riƙe da tsani.

Rigima ɗaya aka yi. Naziru ya nufi azarar tsakiya, wai ƙa'idar aiki ke nan, fitila a tsakiyar ɗaki. A nan kuwa Inna take rataye zangarniyar kaurarta ta iri, irin da Baba ya bari, kowace kaka ta zaɓi masu kyau ta ɗaure, ba a saukewa sai ruwan shuka ya sauka. Ya kai hannu, ta ɗaga sanda. "Taɓa ka gani. Wannan ta riga ka zuwa gidan nan."

"To zaɓi, ko ni ko dawa."

"Dawa. Ita tana zuwa kowace shekara."

A nan na sa baki, ta hannun Safara'u. Na ce a bar tsakiya, a matsa da ƙwan wajen gado, inda take sauke ƙafa, tunda can ta faɗi. Makunnin ma kada a kai shi bakin ƙofa, a sa shi ƙasa-ƙasa inda hannunta zai kai tana kwance. Injiniya ya ce a Abuja ba a haka. Na ce shi ya sa ba mu je Abuja ba.

Ya yi aikin, ba laifi, ko da yake wayar ta bi katanga a karkace kamar sawun maciji, kuma ya zubo mana ƙasar rufi a cikin kwanon fura. Ya danna, ɗaki ya yi fari tas. Na ga abubuwan da na manta da su: jeren tasoshinta, akwatin ƙarfen Baba, tabon hayaƙin fitilar ƙwai a bango.

Ya ci tuwo kwano biyu kafin ya tafi. Haƙƙin miji, in ji shi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ta ƙi taɓa makunnin. Wai wuta ce, ita ba ta wasa da wuta. Safara'u ke kunnawa, Safara'u ke kashewa. In Maijidda ta ga haka, za ta ce da asuba wa zai kunna? Kuma tana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar, 26 ga Afrilu

Nasara!

Maijidda ta iso kafin azahar, da mota da direba da buhunan zuba kaya. Ta shiga ɗakin, na tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗaga kai ta dubi ƙwan, ta taɓe baki. "An dai rataya. Inna, wa yake kunna miki?"

Inna ta gyara zama a bakin gado. Ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, ƙas, haske. Ƙas, ta kashe. Ƙas, ta sake kunnawa, da rana tsaka, tana kallon Maijidda kamar ita ta ƙirƙiro lantarki. Daga baya Safara'u ta ce tun jiya take jin ƙas-ƙas daga ɗakin in an tafi masallaci. Ashe tsohuwa bita take yi a ɓoye.

Maijidda ba ta saduda nan take ba, ta kawo zancen asibiti kusa, da fanka, da gado mai madubi. Inna ta bari ta gama. "Ni matar aure ce yanzu. Mijina ya sa mini fitila, kya ce in bar masa ɗaki? Je ki Bici ki nemo izininsa."

Har direba sai da ya yi dariya daga zaure. Buhunan da aka kawo don kayan Inna, gyaɗa da kuka aka zuba a ciki. Da Maijidda za ta shiga mota ta ce, "Yaya, wayar nan a karkace take." Na ce mata to.

Ba a ambaci sunana a cikin masu nasara ba. Komai Naziru. Babu laifi, tarihi ya saba yin haka.

Talata, 29 ga Afrilu

Hadari ya haɗu a gabas, bai zubar ba. An kusa sauke kaura.

Bayan magariba na shiga ɗakin Inna da littafina, don in duba ko ƙwan yana rawa. Ba ya rawa. Na zauna a kan akwatin Baba, tunda na riga na shigo. Tana jan carbi, ina karatu. Can na ji kamar ana kallona. Na ɗago, ta kawar da kai da sauri, ta ce wa bango: "Ashe mutumin nan ya yi furfura haka."

Fitilar ɗakina lafiyarta ƙalau. Amma tata ta fi haske kaɗan, ina ji. Gobe ma zan je in duba ƙwan.