Albarushin Gidan Ɗanmaliki

Litinin, 4 ga Mayu, 1970

Kwana sha ɗaya da dawowata Kusada. An sallame ni daga soja saboda kafaɗar nan da ba ta ɗaguwa. Kowa sai "Sada, barka da arziki." Ni kuwa zama ya gagare ni. In zauna zaure, in tashi, in zagaya bayan gari, in dawo. Warin gidan ne. Shekara biyu da rabi ina shaƙar hayaƙin bindiga a Kudu, na dawo na iske shi yana jirana bakin ƙofa. Gidan masu albarushi, da me nake tsammani?

Asabar, 9 ga Mayu

Baba ya kira ni rumfar aiki, wai in riƙe mashi tsani. Babu wani tsani. Labarin gida yake so ya sake ba ni, kamar ban ji shi sau ɗari ba.

Kakansa Ɗanmaliki ya koyo sana'ar wajen wani mutumin Maraɗi tun Turawa ba su zo ba. Shi ya sassaƙa turmin nan da har yau ba a yarda ƙarfe ya taɓa shi. Zamanin kakana aka fara yankar lasin a En'e. Da yaƙi ya tashi aka ce su dakata, suka dakata, bana suka koma.

Ya jera mani kayan a tabarma. Albarushi iri uku. Mai laushi kamar gari, na kunnen bindiga, ɗan kaɗan ake sawa. Mai tsaki, shi ake ɗurawa ciki. Sai na ƙara, na korar birai da tsuntsaye daga gona. Harsashin darma ma uku, da sunan hatsi yake kiransu: gero na kurciya da fakara, wake na zomo da gada, gujiya ta kura da gyado, wato aladen daji. Mai laushi a tandu mai jan zare, mai tsaki a mai baƙin zare, na ƙara ba zare.

Ya ce, "Hannu huɗu ya bi kafin ya iso gare ka."
Na ce uku ne, Baba. Ya ce shi ya san abin da ya ƙirga.

Ban taɓa ko ɗaya ba.

Litinin, 18 ga Mayu

Wasiƙa daga wani da muka yi bariki tare. Masaƙa a Kaduna na ɗaukar tsofaffin sojoji gadi, ranar goma ga Yuni za a duba mutane. Na gaya wa Yaya Zinariya. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gidan nan. Ta ce, "Ka gaya wa tsoho da bakinka, ni ba 'yar aike ba ce."

Alhamis, 28 ga Mayu

Ruwa ya sauka, an yi shuka. Ban gaya mashi ba.

Lahadi, 7 ga Yuni

Bindigar Baffa Manu ta fashe a hannunsa. Baffa Manu na Fakuwa, makiyayi, abokin Baba tun suna samari. Kura ta addabi maruƙansa, ya ɗana mata da asuba. Yatsu biyu sun tafi. An kai shi asibitin Kankiya bisa jaki.

Baba ya ce tsohuwar bindiga ce, tsatsa. Ya faɗa sau uku ba wanda ya tambaye shi.

Litinin, 8 ga Yuni

Na ari keke na je Kankiya. Baffa na kwance, hannu a naɗe kamar dami. Bai bari na gama gaisuwa ba, ya sa matarsa Haulatu ta ciro tandun daga cikin ƙwarya. Baƙin zare. Na buɗe, na zuba a tafi. Gari ne, mai laushi. Da wannan ya cika cikin bindiga, dole ta fashe.

Ya ce, "Shekara talatin ubanka Labaran na ba ni, ban taɓa buɗewa na duba ba. Ni ban ce komai ba, ɗan nan, kuma ba zan ce ba. Amma ba ni kaɗai na saya ba."

Na tsaya ina inda-inda. Ya daka mani tsawa da Fillanci, sannan da Hausa: in tashi in tafi.

Na iske Baba a rumfa. Na ɗauko zare biyu na miƙa mashi cikin hasken rana, na ce wanne ne ja? Ya kai su kusa da ido. Ya daɗe. Ya nuna baƙin.

Allah ya sani na so in yi ihu. Shi kuwa ya zauna kan turmi, abin da ya hana mu tun muna yara. Yaya ta ce ta lura tun bara yana zuba miya gefen akushi, ba ta kawo zare a ranta ba.

Tandu tara ya cika a wannan dakan. Na Baffa ɗaya. Biyu na nan gida. Shida na hannun mutane. Sunayen dai bai manta ba, ya lissafo su da garuruwansu, muryarsa kamar ba tasa ba.

Talata, 9 ga Yuni

Kusada biyu, na karɓo. Ɗaya daidai yake, ɗaya gari. Kafinsoli biyu. Wani tsoho can ya ƙi ba ni, wai kayan gidan Ɗanmaliki ba a mai da su, ubansa ma da su ya yi halbi. Sai da na zuba mashi a tafi ya murza da kansa. Ya ce in gai da Labaran, in ce mashi ido na Allah ne.

Taya ta yi faci sau biyu. Ƙafa duk taɓo.

Laraba, 10 ga Yuni

Yau garin Ƙofa. Na farko na same shi a gona, ba wahala. Na ƙarshe Shehu mahalbi ne. Matarsa ta ce ya fita tun hantsi, gyado na tone masu shuka wajen fadama, kuma a gabanta ya ɗura bindigar daga sabon tandu.

Na yar da keken ƙofar gidan. Ban san na iya gudu haka ba har yanzu. Ina tambayar masu noma, wannan ya nuna gabas, wancan ya ce ya gan shi ya bi rafi. Na ƙetare ruwa har gwiwa. Na hango shi durƙushe bayan wata sabara, bindiga a kafaɗa, kunci manne da ita, gyadon na gabansa bai fi taku talatin ba.

Muryar fareti ce ta fito mani, wadda na zaci na baro ta can. Gyadon ya ɗaga wutsiya ya shige ciyawa. Shehu ya miƙe yana zagina, uwa da uba, kwana huɗu yana bin dabbar nan. Na karɓe bindigar kawai.

Na zubar da na kunne, na zaro tsumma, na kifa bakinta kan hulata. Gujiya ta faɗo. Bayanta gari, cike da hula, laushi kamar kwalli. Shehu ya duba, ya duba hannunsa na hagu, ya zauna a ƙasa.

Sai a hanyar dawowa na tuna yau goma ga wata. Kaduna. To, ta wuce.

Abin da ya tsaya mani a rai: tun da na dawo ban taɓa bindiga ba, ko ganinta jingine tsigar jikina tashi take. Yau hannuwana suka yi aikin ba su tambaye ni ba.

Juma'a, 12 ga Yuni

Cikin taran, huɗu ne aka ɗaure da zaren da ba nasu ba.

Baba bai je masallaci ba. Ya ce in kulle rumfa in jefa makullin rijiya. Na kulle. Makullin na aljihuna.

Asabar, 20 ga Yuni

An sallami Baffa Manu. Bai wuce Fakuwa ba sai da ya biyo ta gidanmu, shi da Haulatu da ƙwaryar nono. Baba ya ƙi fitowa. Baffa ya shiga har ɗaki, ba sallama. Ina tsakar gida, kaɗan na ji. "Saura takwas, sun ishe ni tatsa." Can kuma, "Kurar tana nan, Labaran. Da me kake so in halbe ta, da sanda?" Daga nan na ji Baba na kuka, na fita waje.

Laraba, 24 ga Yuni

Dabarar Yaya ce. A bar launi, a koma ƙulli: ɗaya na mai laushi, uku na mai tsaki. Ta ɗaura ta miƙa wa Baba, ya shafa ya faɗa daidai har sau goma. Yatsunsa ba su tsufa ba. Ya murza tsaki ya gaya maka ko ya sha rana sosai.

Ya ce duk da haka ba zai ƙara rufe tandu ba sai wani mai ido ya leƙa ciki. Yana magana yana fuskantar bango. Yaya ta dube ni. Na ce ni dai zan leƙa na Baffa kawai, tun da yana jira.

Na leƙa biyar.

Alhamis, 2 ga Yuli

Kurar Fakuwa ta mutu. Ɗan'uwan Baffa ya halbe ta, gujiya ɗaya.

Da la'asar tsohon nan na Kafinsoli ya zo neman na ƙara, birai sun fara shiga gyaɗa. Baba na barci. Na ce ya ƙare, kuma ba a daka cikin wannan laima, sai an samu rana kwana uku a jere. Ya ce to yaushe zai dawo? Na ce ya ba mu mako biyu, za mu daka sabo.

Za mu. Haka bakina ya ce.

Yaya na bayan danga tana tankaɗe, na ji rariyar ta tsaya, sannan ta ci gaba. 

Gawayin da ke rumfa ya ja sanyi. Ba wani abu ba ne, gobe in rana ta fito sai in shanya shi, tun da dai ina nan.