Tun da aka sallamo Baba daga asibiti Yaya ya canza

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zargi ne ya cika min zuciya har na rasa wanda zan yarda da shi a gidanmu.

Mahaifinmu ya haura saba'in, yana da ciwon suga da hawan jini, ga ƙoda ta fara taɓuwa. Wata biyar da suka wuce ya yi sati uku a kwance a asibiti. Ranar da za a sallame shi likita ya ja babban yayanmu ofis su biyu, suka daɗe, da Yaya ya fito na tambaye shi, ya ce ba komai, bayanin magani ne, amma idonsa ya yi ja.

Baba yana gidan Yaya a Gwagwalada, ni ina Karu saboda aiki, sai Asabar nake zuwa. Yayan da a da yake faɗa in an sa wa Baba gishiri a miya, yanzu shi ke sayo masa tsire. Ya tura mota garin Yangoji aka kwaso tsofaffin abokan noman Baba suka wuni, ba Sallah ba biki. Ranar komawa ganin likita ta wuce sau biyu ba a kai shi ba, na ga katin a durowa, tare da kwalayen magani da ko buɗe su ba a yi ba.

Abin da ya fi ɗaga min hankali, tsofaffi biyu da suka yi jinya ɗaki ɗaya da Baba sun rasu bayan sallama. Har da wani dattijo ɗan Filato da ya fita da ƙafarsa yana tsokanar nas. 'Yarsa ce ta kira ni, ta ce sista ki sa ido, sallama ba warkewa ba ce.

Na tsare Yaya muka yi sa-in-sa, na ce ko dai ya gaji da jinya ne, ko akwai abin da yake ɓoye min. Ya ce shi ba zai karya alkawari ba, sai ya kama bakinsa. Alkawarin wa? Da na je wurin Baba dariya ya yi, ya ce Uwata, ki bar ni in ci abin da raina ke so.

Yanzu ogana ya ba ni kwas na wata tara a Legas, Litinin zan ba da amsa. Yaya ya ce kar in je, ya ƙi faɗin dalili. Baba kuwa ya ce in tafi, har ya sa min albarka.

Jama'a, in nemi likitan ba da saninsu ba? Ko in mayar da Baba asibiti ko yana so ko ba ya so? Kuma maganar wa zan bi, mai cewa in zauna ko mai cewa in tafi?