Kada a Fasa Gandu Kafin Kaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Yau Alhamis, cikin watan Shawwal, a shekarar da sojojin da ke mulki suka ce ƙasarmu ta fita daga Sedeyawo, ƙungiyar nan ta ƙasashen yammacin Afirka. Bazara ta yi tsanani, ko ganye ba ya motsi. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina sai na lallaɓa shi kamar tsohon jaki, in ban da kunu babu abin da ke wuce mini. Amma hankalina yana nan inda Allah ya ajiye shi. Ni ne Muntaka ɗan Gambo na Matameye. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya riƙe mini hannu. Ku uku nake rubuta wa: Cha'ibu babbanku da ke nan gida, da Isufu da ke ci-rani a Kano, da Habsatu da ke aure a Kurni. Faransanci aka koya mini a lakwal, wato makarantar boko, amma da Hausa zan yi muku magana, don kada wani ya shiga tsakanina da ku da sunan fassara.

Tun da mahaifiyarku Shekara ta rasu yini ya yi mini tsawo. Ina kwance a zaure, gyangyaɗi ya ɗauke ni ya sake ni, wani lokaci sai na taɓa tabarma kafin in san a wace shekara nake. In kun ga maganata ta bi wata hanya kafin ta dawo, ku yi haƙuri, haka tunanin tsoho yake kiwo.

Na farko. In Allah ya karɓi abinsa, kada a jira kowa. Zafin nan ba na jiran mota ba ne. Likkafanina yana cikin adakar mahaifiyarku, a ƙasan zannuwanta. In akwai wuri kusa da ita a sa ni, in babu, ƙasa duk ɗaya ce.

Na biyu. Ba a bina, ba na bin kowa. Sandar da nake dogarawa dai ta Manu maƙwabcina ce, aro ya ba ni sa'ad da tawa ta karye. A mayar masa, a ce na gode, ta yi mini ƙafa ta uku. Rabon gado kuwa ba nawa ba ne, Allah ya riga ya yanka, malamai za su karanta muku. Abin da ke cikin takardar nan roƙo ne na uba.

Na uku. Rediyona na ba Habsatu kyauta tun ina da rai, kowa ya shaida. Ita kaɗai ce a cikinku take kunna shi don ta ji gaisuwa da labarin ruwa. Ku maza kuna kunna shi ne don ku sami abin jifan juna.

Wannan ya kawo ni ga maganar da ta hana ni sakewa.

Bara Isufu ya zo shuka kamar kowace shekara. Da aka gama noman fari ya koma Kano don ya damƙa baron rakensa a hannun wani, ya ce ba zai daɗe ba. Yana can sojoji suka karɓi mulki a nan ƙasarmu, ƙungiya ta yi fushi, aka rufe iyaka. Bai zo maimai ba, bai zo girbi ba. Ruwa kuma ya ɗauke gero yana cikin fidda kai, abin da aka samu bai kai a yi masa guɗa ba. Cha'ibu shi kaɗai ya sha ranar, shi da matarsa da 'ya'yansa. Daga nan magana ta fara tsami a waya. Ina zaure ina jin ku, don Cha'ibu in ya yi fushi har tasha ana jin sa. Ya ce maka, kai Isufu, wasu sun biyo daji a kan babur sun zo, kai ka zauna kana cin shinkafar waɗanda suka kashe mana wuta, ɗan Sedeyawo kawai. Kai kuma ka ce masa to sarkin kishin ƙasa, in kun fita sai ku dafa tuta ku ci, ka ga ko tana da romo. Ya ce wanda bai yi noma ba ba ya cin gandu. Ka ce a yanka maka rabonka na gona, ka sayar, ka huta da gori. Tun ranar ba ku sake jin muryar juna ba, har azumi ya zo ya wuce, har aka buɗe iyakar.

Kowa a garin nan yana da bakin magana a kan fitar nan. A majalisar ƙofar Manu ana farawa da hantsi, sai kiran azahar ke raba su. Masu cewa a fita suna cewa ɗan'uwan da ya yanke maka wuta, ya tare hanyar magani, har ya ce zai kawo maka yaƙi, ai ba ɗan'uwa ba ne. Masu cewa a zauna suna tambaya, wakenmu da rakenmu da dabbobinmu ina za su, kuma 'ya'yanmu da ke cike da Kano da Legas da wace takarda za su zauna gobe? Ni an tambaye ni, don suna ganin na yi lakwal, na ce ban sani ba. Har yanzu ban sani ba. Na kwana cikin duhu da zafi a watannin nan, maganin hawan jinina ya yanke, saboda haka fushinka, Cha'ibu, na san ɗanɗanonsa, ba ƙarya ka yi ba. Kuma kunun da nake sha duk rani, kai Isufu, daga baron rakenka yake fitowa, tsoronka ma gaskiya ne. Manya a Yamai da Abuja za su gama tasu, ko su shirya ko su rabu. Abin da na sani shi ne ko an fita ko an zauna, ba wanda zai ɗauki Matameye a ka ya kai ta nesa da Daura.

Shekaranjiya da rana na yi mafarki. Na ga kaina yaro a aji, Mushe malaminmu yana nuna mana taswira da tsumagiya, ya ce wannan jan layin shi ne iyaka, nan Faransi, can Ingilishi. Sai ga ni a bayan jakunan babana muna kai gyaɗa kudu, ina ta duban ƙasa ina neman jan layin. Haka na yi da gaske ina yaro, ban ga komai ba sai gero a hagu, gero a dama, da wata goriba. A mafarkin sai layin ya tashi daga taswira kamar zare, iska ta ɗauke shi, ya maƙale a reshen gawo. Mahaifiyarku ta zo da tulu a ka, budurwa, kamar ranar da na fara ganin ta a bakin rijiyar ƙauyensu a bayan Mai'aduwa. Ta miƙa hannu ta zare shi ta ɗaure bakin zanenta da shi, ta wuce. Na farka ina kiran ta, akuya ce kawai a bakin zaure.

Ba yau aka fara rufe hanyar nan ba. Cha'ibu, kana goye a lokacin babban fari na biyu da na gani a rayuwata, Isufu ba a haife ka ba. Soja ke mulki nan, soja ke mulki can, aka rufe iyaka gam, rumbuna suka zama gidan ɓeraye, su ma ɓerayen suka gudu. Kawunnanku ne suka riƙa biyo gonaki da garin rogo da dawa a kan jakuna, suna kawo wa ƙanwarsu. Da shi nonon da ka sha ya kawo. In za ka zagi mutanen can, ka rage murya, rabin jininka nasu ne. Kai kuma Isufu, wanda ya tsaya ya riƙe gona a shekarar da sama ta hana, ba a yi masa dariya. Duk wanda ya tafi, don akwai wanda ya zauna ne ya iya tafiya.

Na huɗu, kuma shi ne ƙashin wasiyyar nan. Kada a fasa gandu kafin kaka. Kun san al'adar gidanmu tun kakana: in an gama girbi a zuba geron gandu a rufewa, a liƙe bakinta da laka, duk ɗan da ya yi noma ya ɗora tafinsa a kan ɗanyar lakar. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, 'yan ci-rani sun dawo, don abincin masu riƙe da hauya ne. Bana tafi ɗaya ne a bakin rufewar. Nakan sa a fitar da ni in gan ta, in ga wurin da babu kowa kusa da tafin Cha'ibu, sai in ji kamar haƙori ya fita a bakin gidan.

Ba haramun ba ne ɗa ya fita gandu. Ƙanen babana ya fita, ina da wayo. Amma da rana tsaka ya fita, bayan an yi damina mai albarka, an tara dattawa, an auna masa nasa, babana ya ba shi garma da irin shuka, aka yi addu'a aka ci tuwo. Shekara na zagayowa ya kira gayya, mu muka fara isa gonarsa. Kakanninmu sun hana fita iri biyu: fitar fushi, da fitar shekarar yunwa. Sun ce wanda ya raba rumbu yana jin yunwa, cikinsa ne ya yi awo, ba idonsa ba. Taku ta haɗa duka biyun. Na ji a rediyo ko ita ƙungiyar dokarta ta ce mai fita sai ya jira shekara ta zagayo. In ƙasashe an ba su shekara su huce, ku da kuka sha nono ɗaya ba za ku rasa damina ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙon ku, ku yi daminar bana tare, ko ina raye ko ba na raye. Ku yi shuka, Isufu yana sara Cha'ibu yana binnewa, yadda kuka saba. Ba na ce ku yi hira ba, ku yi shiru in kun ga dama, hauya ba ta bukatar baki. In Allah ya kai ku kaka, kuka liƙe rufewa da tafi biyu, kuma har lokacin zukatanku na son rabuwa, to ku kira Manu da liman, ku rabu da alheri, na yafe muku. Amma ko an raba, kada a sayar wa bare sai an tayar wa ɗan'uwa.

Na biyar. Gawon da ke gonar hanyar Dawce kada a sare ko ɗaya, ko a rabon wa ya faɗa. Wasu babana ya bari, wasu ni na kare su daga bakin awaki tun suna tsiro. Itace ne mai nasa ra'ayi, kowa ya yi ganye shi ya zubar, kowa ya bushe shi ya yi kore, amma ba a taɓa korar sa daga gona don ya saɓa wa sauran ba. Geron da ke ƙarƙashinsa ne kawai ya yi kai bara.

Na shida. Habsatu, ke ce ƙarama, amma ke kaɗai kike magana da su duka. Kada ki gaji, kada kuma ki riƙa kai wa wannan abin da wancan ya faɗa da zafinsa, ki bari ya sha iska tukuna. Rabonki na gona naki ne, kada kunya ta sa ki bar wa yayyenki. Duk sallah babba a aika wa dangin mahaifiyarku gaisuwa da abin da ya samu. In hanya a buɗe take a bi titi, in a rufe take, ƙafa ta san inda ta saba bi. 'Ya'yanku su san gidan, su san rijiyar.

Allah ya yi muku albarka ku da zuriyarku. Allah ya sauko da ruwa mai amfani, ya ba shugabanni na nan da na can tausayin talaka. Abin da na yi muku na rashin daidai ku yafe mini, ni na yafe muku duniya da lahira. Ku riƙe juna. Gidan nan kada ya zama kango ana nunawa ana cewa nan ne na Muntaka, siyasa ta cinye shi.

Na ƙara wannan yau Juma'a, bayan la'asar. Jiya da na gama, Habsatu ta aiko cewa Isufu ya ce mata zai biyo motocin kasuwa yau ya gan ni. Na sa aka yi mini aski, na sa farar rigata, aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar zaure inda nake hango titi. Na ga Cha'ibu ya sa an share ɗakin ƙanensa, an zuba ruwa a randa. Motocin kudu sun shigo da hantsi, sun sauke mutane, yanzu suna lodin komawa. Sau da yawa na ga mai irin tafiyarsa, in ya matso sai ya zama wani. Bai zo ba. Wataƙila mota ce, wataƙila zuciya.

Gabas ta fara haɗa gajimare, ina jin ƙanshin ƙasa ko kuwa hancina ne ke mafarki. Cha'ibu, in ruwa ya riga shi isowa, ka buɗe rufewa, kada jikokina su kwana da yunwa saboda jira. Amma ka shuka gonar duka, har gefen da yakan fara sara, ka rataye hauyarsa a zaure inda zai gan ta yana shigowa. Hannuna ya gaji. A bar tabarmar a ƙofa tukuna.