Rumfa ta Huɗu, a Dubai

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ya Caitano, ɗan'uwana, yake fama da rumfunanmu uku na bakin tekun Benaulim can Indiya?

Ni lafiya lau, barci ne dai sai a hankali. Tun kana da rumfa ɗaya ta ganyen kwakwa, kana sayar da giya da soyayyen kifi, ka koya mana cewa ƙarshen Mayu ake kwance rumfa kafin damina, kowa ya koma gida. Jiya na fara sauke rufin rumfarmu ta nan Dubai. Mai filin ya rugo yana ihu: "Bostiao, ka haukace? Nan ba a damina!" Na mayar, ma'aikata suna ta dariya.

A aiko min da yajin kifin Mama. Allah ya ƙara girma. Amma Baba, inda damina ba ta zuwa, yaushe ake komawa gida?

Ɗanka,
Bostiao